Kilimanjaro: kwana biyar ko kwana takwas?

Abba Fagge:
Assalamu alaikum 'yan uwa. Shawara nake nema wajen duk wanda ya taɓa hawa Kilimanjaro. Na daɗe ina tarin kuɗin tafiyar nan, in Allah ya yarda watan Fabrairu nake so. Na yi magana da kamfanoni biyu a Moshi, garin da ke gindin dutsen a Tanzaniya. Na farko ya ce dala 1,400, kwana biyar, ta hanyar Marangu, kwana a ɗakunan katako. Na biyu ya ce dala 2,300, kwana takwas, ta Lemosho, kwana a tanti. Dutsen ɗaya ne, ƙololuwar ɗaya ce, amma tsakaninsu dala 900. Ku mayar da ita naira ku ga abin da nake faɗa. Ni ina buga ƙwallo, ina gudu kullum da asuba, ba na shan taba. A ganina kwana biyar ya ishe ni. Ko akwai abin da ban hango ba?

Ɗan Jos:
Wa alaikumus salam. Ɗauki na kwana biyar kawai. Kwana takwas ɗin nan don tsofaffin Turawa aka yi shi. Matashi kamarka me zai zauna yi mako guda a kan dutse?

Baffa Ɗanlami:
Ikon Allah. Wato mutum ya biya miliyoyi don ya je ya sha wahala? Abba, in dutse kake so ga Dala nan, ga Gwauron Dutse, ko sisi ba za ka kashe ba. Ka ƙara kaɗan a kan kuɗin nan ka tafi Umara mana.

Nura KD:
Abba ƙanena, ni na hau ta Lemosho, kuma zan faɗa maka abin da kamfanin farko bai faɗa maka ba. Ka manta da sunan hanya, ka dubi inda za ka riƙa kwana.

Marangu ta kwana biyar: ƙofar shiga tana wajen mita 1,860. Daren farko Mandara, kusan mita 2,700. Dare na biyu Horombo, kusan 3,700. Dare na uku Kibo, kusan 4,700. Shi wannan na ukun ma ba kwana ba ne, kishingiɗa ce, don ƙarfe goma sha ɗaya na dare za a tashe ka, sha biyu ku kama hanya zuwa Uhuru, ƙololuwar dutsen, mita 5,895. Ka lura? Kullum ana ɗaga maka makwanci da mita dubu. Kai kuma daga Kano ka fito, wadda ba ta kai mita 500 ba a saman teku.

A Lemosho kuwa, bayan ka haye filin Shira, dare uku kake yi a tsakanin mita 3,800 da 4,000: Shira ta biyu, Barranco, Karanga. Akwai ranar da za ku hau har Lava Tower, wajen mita 4,600, ku ci abincin rana a can kanku na sarawa, sannan ku gangaro Barranco ku kwana a ƙasa. Da gangan aka tsara haka. Jiki ya ɗanɗana sama, ya dawo ya huta, ya gyara kansa. Dala 900 ɗin da kake gani, kwanakin nan kake saya da ita, ba tanti ba.

Abba Fagge:
Yaya Nura na gode. Amma ai wannan duk ga wanda ba shi da ƙarfi ne ko? Ni minti casa'in nake yi a fili ban nemi canji ba.

Dakta Hauwa:
Abba, bari in shigo nan, don wannan tambayar taka ita ce take kai mutane asibiti. Ƙarfin ƙafa daban, sabon jiki da tsawo daban. Babu ruwan ciwon tsauni da ƙwanjinka. Sau da yawa ma matasa masu ƙarfi ya fi kamawa, saboda su ne masu sauri, su ne kuma masu ɓoye ciwo don kada a ce sun gaza.

Ga abin da ke faruwa. Iskar da ke saman Kilimanjaro da ta Kano, kason oksijin ɗinsu ɗaya ne, kashi 21 cikin ɗari. Abin da ya ragu shi ne matsin iskar. A ƙololuwa ya kusa komawa rabin na bakin teku, don haka duk numfashin da ka ja, kusan rabin abin da ka saba samu ne yake shiga jininka. Jiki yana da dabarar da zai bi, numfashi ya ƙaru, ƙoda ta daidaita jini, amma kwanaki yake buƙata. Shawarar da likitocin wannan fanni suke bayarwa ita ce, in an wuce mita 3,000, kada wurin kwana ya ƙaru da fiye da mita 500 a dare, kuma a riƙa hutun yini ɗaya bayan kowane kwana uku ko huɗu. Ka auna wannan da lissafin da Malam Nura ya kawo. Gaskiya ko Lemosho ba ta cika ƙa'idar nan ɗari bisa ɗari ba, sai dai ta fi kusa da ita nesa ba kusa ba.

Ciwon hawa uku ne. Mai sauƙin shi ne ciwon kai, tashin zuciya, rashin cin abinci, rashin barci. Da yawan masu hawa suna samunsa. Idan ya zo, ba a ƙara hawa sai ya lafa. Na biyu ruwa ya taru a huhu: mutum yana zaune yana haki, tari, wani lokaci majina mai kumfa da alamar jini. Na uku ƙwaƙwalwa ta kumbura: mutum ya fara tangaɗi, ya rikice, ya riƙa magana ba kan gado, ko ya ce shi a bar shi ya yi barci. Waɗannan biyun suna kisa cikin sa'o'i, kuma babban maganinsu shi ne a sauko da mutum nan take, ko da tsakar dare ne.

Ɗan Jos:
Dakta, da girmamawa, kina tsorata yaron nan. Mu a Jos a kan tudu aka haife mu. Duwatsun Shere muke hawa muna yara.

Dakta Hauwa:
Jos wajen mita 1,200 ce, Malam. Ƙololuwar Shere 1,829. Wato inda kuka gama hawa, a nan ƙofar Marangu take, ba a ma fara ba. Ko Chappal Waddi a Taraba, wanda ya fi kowane dutse tsawo a Najeriya, mita 2,419 ne, bai kai masaukin daren farko ba.

Maman Amira:
Hhh Dakta ta gama magana. Hangen Dala ba shiga birni ba ne.

Ni ta Marangu na bi, amma ta kwana shida, wadda ake ƙara yini ɗaya a Horombo, a hau wajen duwatsun nan masu zane baƙi da fari da suke kira Zebra Rocks, a dawo. Abba, idan kuɗinka ba za su kai Lemosho ba, wannan ce mafi ƙarancin abin da zan yarda ɗan uwana ya ɗauka. Kuma ko da ita ɗin, a Gilman's Point na tsaya, bakin ramin dutsen, wajen mita 5,680. Ban kai Uhuru ba.

Bari in ba ku labarin daren, don shi ne ba a nunawa a hoto. Ɗakin Kibo ba ya barcuwa. Ka kwanta, zuciya na bugawa a kunnenka, da ka fara gyangyaɗi sai ka farka kana neman numfashi. Aka tashe mu aka ba mu shayi da biskit, ko rabin ɗaya ban iya ci ba. Muka fita. Ba ka ganin komai sai dugadugan wanda ke gabanka a hasken fitilar goshi, in ka ɗaga kai kuma sai ka ga fitilun mutane can sama, ka kasa bambance su da taurari, gabanka ya faɗi don ka san can za ka. Hanyar duk tsakuwa ce da toka, ana zagaye-zagaye, taku uku gaba, ɗaya ya zame baya. Ruwan da ke gorata ya daskare a baki. Wani saurayi da muka taho tare, wanda tun ranar farko yake wuce mu yana waƙa, a wajen kogon Hans Meyer muka same shi zaune yana amai, aka juya da shi.

Da muka isa Gilman's gari ya fara wayewa, rana na fitowa ta bayan Mawenzi, wani ƙoƙon dutsen da ke gabas. Ɗan jagorana ya ce in yi tafiya a miƙe ya gani, dunduniya na taɓa yatsa. Na kasa, ina karkacewa. Ya ce Mama, mun sauka. Na ce saura nawa? Ya ce awa ɗaya da rabi ko biyu zuwa, sannan dawowa. Na ce mu sauka ɗin. Muna komawa Horombo kaina ya washe kamar ba ni ba. Suka ba ni takardar shaida koriya, ta masu zuwa Uhuru ruwan zinariya ce. Tana nan a falo na rataye ta, kuma duk wanda ya ce ban hau Kilimanjaro ba ya zo mu zauna.

Baffa Ɗanlami:
To kun ji. Hajiya da bakinta ta faɗa. Amai, tangaɗi, ruwa a huhu. Wannan ba shi ne jefa kai cikin halaka da Allah ya hana ba? Malam Idi kana nan kana karantawa ka yi shiru.

Malam Idi:
Ina nan Alhaji, ina sauraro ne. Ayar da kake nufi tana cikin Baƙara, aya ta 195, kuma gaskiya ce. Sai dai malamai suna duba abin da ya fi rinjaye. Abin da galibi ake kuɓuta daga gare shi idan an bi ƙa'ida, ba a kiransa halaka, in ba haka ba da hawa mota daga Kano zuwa Kaduna ma ya haramta. Dubban mutane suna hawa dutsen nan duk shekara suna saukowa. Inda ayar za ta hau kan mutum shi ne: masana sun ce ga hanya mai aminci, ya zaɓi mai haɗari don rowa ko don a ce shi jarumi ne. Ko ɗan jagora ya ce sauka, ya ce sai ya kai. Wannan kam ya ɗauki alhakin kansa.

Maganar Umara kuma, nasiha ce mai kyau, amma ba a tilasta wa mutum yadda zai kashe halalinsa. Sharaɗina ga Abba biyu ne: kada ya ci bashi, kada ya tafi iyayensa ba su yarda ba.

Baffa Ɗanlami:
To shi ke nan, Malam ya ɗaure masa gindi. Ni dai ban ga abin da za a samo a can ba. Ƙanƙara ce, akwai ta a firji.

Nura KD:
Baffa, ita ma ƙanƙarar tafiya take yi. Fiye da kashi 80 cikin ɗari na wadda aka auna a 1912 ta narke. Abin da ya rage wasu bangaye ne tsaye a gefen hanya, farare da shuɗi-shuɗi, sun fi gida tsawo, a kan baƙar toka. Ni abin da ya fi tsaya mini a rai ma ba saman ba ne. Ka fara a gonakin ayaba da kofi na Chagga, ka shiga kurmi mai birai, ruwa na ɗiga daga ganye, ka fito wani fili mai wasu itatuwa masu kai kamar kabeji da ban taɓa ganin irinsu ba, daga nan sai hamada tsura, ba ko ciyawa. Duk a ƙafa, cikin mako ɗaya. Wanda ya yi ta a guje, ciwon kai kawai zai tuna.

Abba Fagge:
Malam Idi, tunda ka shigo, yaya sallah a can? Abin yana damuna. Alwala a wannan sanyin?

Malam Idi:
Addini da sauƙi. Kai matafiyi ne, kullum kuna tashi daga wuri zuwa wuri, don haka ƙasaru za ka yi, kuma kana iya haɗa Azahar da La'asar, Magariba da Isha'i. A ƙasa inda akwai ruwa kuma masu girki za su iya ɗuma maka, yi alwalarka. A sama inda ruwan sha ma ɗauko shi ake yi daga nesa, ko kake tsoron sanyin zai cutar da kai, ka yi taimama. Ga dutse ko'ina. Amru ɗan Asi ya yi taimama saboda tsananin sanyi a wata tafiyar yaƙi, Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, bai hana shi ba. A mazhabarmu kowace farilla da taimamarta.

Wadda za ta ba ka wahala ita ce Asuba ta ranar hawa ƙololuwa, don a kan gangara za ta same ku. Ka gaya wa ɗan jagora tun da rana cewa in alfijir ya keto za ka tsaya minti biyar. Ba sai ka cire takalmi ba in yana da tsarki. In tsayuwa ta gagara, ka yi a zaune.

Nura KD:
Ƙari a kan na Malam: kada ka je ka fuskanci gabas yadda ka saba. Daga Kilimanjaro alƙibla arewa take, da ɗan karkata kaɗan zuwa gabas. Ni ma sai da wani ɗan dako Musulmi ya juya ni. Nama kuma ka faɗa wa kamfani tun kafin ka biya, a Moshi akwai masallatai da mahauta Musulmi, ba abu ne mai wuya ba.

Dakta Hauwa:
Akwai abin da ya fi duk wannan muhimmanci gare mu, kuma ba lallai kamfanin ya tambaye ka ba, don yawancin baƙinsu daga Turai da Amurka suke. Abba, ka san rukunin jininka? AA ne ko AS?

Abba Fagge:
Wallahi Dakta ban taɓa yin gwajin ba. Ai na ɗauka sai za a yi aure.

Dakta Hauwa:
To je ka yi kafin ka tura wa kowa ko dala ɗaya. Kusan mutum ɗaya cikin huɗu a Najeriya AS ne, akasarinsu ba su sani ba don lafiyarsu ƙalau. Amma inda oksijin ya yi ƙaranci, ga gajiya, ga ƙishirwa, ga sanyi, ƙwayoyin jinin mai AS suna iya lanƙwashewa su toshe jijiyoyin saifa. Alamarsa ciwo mai tsanani a hagu, ƙarƙashin haƙarƙari, wani lokaci har kafaɗa. An sha ganin haka ga masu AS da suka je wurare masu tsawo. Ba ina cewa duk mai AS zai same shi ba, akwai waɗanda suka hau lafiya. Amma mai AS sai ya zauna da likitansa tukuna, kuma shi da ɗan jagoransa su san alamar. Mai SS ko SC kuwa, wato mai ciwon sikila, babu zancen zuwa.

Sai abu na biyu. Da yamma 'yan jagora suna maƙala wa mutum 'yar na'ura a yatsa don auna oksijin na jini. Tana da amfani, amma an tabbatar tana iya nuna lamba sama da gaskiya ga masu baƙar fata, kuma yatsa mai sanyi yana ruɗa ta. Don haka in kana jin jikinka ba daidai ba, kada a nuna maka lamba a ce lafiyarka lau. Faɗi abin da kake ji.

Issoufou Damagaram:
Salamu alaikum. Likita, Allah shi saka. Ni tambayata kan maganin nan Diamox. Wasu na cewa wanda ya sha shi, ko kwana biyar ɗin ma ba komi.

Dakta Hauwa:
Wa alaikassalam. Yana taimakawa, gaskiya ne, yana sa jiki ya yi saurin sabawa. Abin da aka saba bayarwa don rigakafi miligiram 125 ne safe da yamma, a fara kwana ɗaya kafin hawa. Yana sa yawan fitsari, yatsu su riƙa tsikari, lemon kwalba ya canza ɗanɗano. Amma likita ne zai rubuta maka bayan ya san tarihinka, musamman in wani magani ya taɓa yi maka borin jini, ko kana da matsalar ƙoda. Kuma ba ya maye gurbin kwanaki. Mutane suna sha kuma ciwon ya kama su.

Sale Buea:
'Yan uwa ku zo nan kusa mana. Dutsen Kamaru yana bayan gidanmu, ya haura mita 4,000, daga cikin garin Buea ake fara hawa. Duk Fabrairu ana tseren gudu a kansa, gwanayen su hau su sauko cikin awa huɗu da wani abu. Abba ya zo ya gwada jikinsa a nan da kuɗi kaɗan, in ya ga yadda kansa ya yi a 4,000, sai ya san abin da zai tarar a can.

Nura KD:
Shawara ce mai kyau Malam Sale, don mutum ya san jikinsa. Sai dai a sani, sabon da jiki ya yi ba ya daɗewa, in ka sauko ka yi makonni ya tafi. Masu son su saba kafin Kilimanjaro dutsen Meru suke hawa a kusa da Arusha, mita 4,566, su huta kwana ɗaya ko biyu su wuce. Kuma yaya tsaro a wajenku yanzu?

Sale Buea:
Cikin gari muna harkokinmu. Amma yankin kam kowa ya san rikicin da ake ciki tun 2016. Duk mai zuwa ya tambayi mutanen gari a satin da zai taho, kada ya dogara da labarin bara.

Ɗan Jos:
Ni fa har yanzu ban gamsu ba. Mutane nawa suka hau ta kwana biyar suka kai? Da ba a kaiwa da an rufe hanyar. Kuna so ku sa yaro ya ƙara kashe dala 900 a wannan marrar.

Maman Amira:
Ana kaiwa mana, wa ya ce ba a kaiwa? Tambayar ita ce wa ya san ko yana cikin masu kaiwar. In ya biya 1,400 da kuɗin jirgi da biza, ya juyo daga Kibo, nawa ya yi asara? Ba a mayar da ko sisi.

Nura KD:
Kuma akwai wani gefen na 1,400 ɗin nan da nake so mu duba. A farashin da na sani, hukumar gandun dajin Kilimanjaro tana karɓar dala 70 kowace rana, dala 60 kowane dare a ɗakunan Marangu, dala 20 na ceto, sannan harajin kashi 18 a kai. Ku buga lissafi: kwana biyar ya kama dala 720 ko kusa. Saura 680. A ciki za a biya ɗan jagora, don doka ba ta yarda ka hau kai kaɗai ba, a biya mai girki, a biya 'yan dako, a sayi abinci, a zuba mai a mota, kamfani ya ci riba. A jikin wa kuke jin za a rage? 'Yan dako. Su ne za ka gani da kaya a ka, sun wuce ka a guje a bangon Barranco inda kai kake rarrafe da hannu, wasu da takalmin da bai kamata a hau dutse da shi ba. Ƙa'ida kilo 20 ne kayan da ɗan dako zai ɗauka, ana aunawa a ƙofa, amma ana zagaye ƙa'idar. Akwai ƙungiya a Moshi, KPAP, da ke sa ido kan yadda kamfanoni ke biyansu da ciyar da su, suna da jerin kamfanonin da suka amince da su. Abba ka duba ko naka suna ciki. Kuma ka ware tukwici daban, ka miƙa wa kowa a hannunsa ranar sauka, a gaban jama'a.

Malam Idi:
Wannan magana ta Nura ta fi ta sallar ma buƙatar a jaddada, don ita sallah kowa zai tambaya. Haƙƙin ɗan dako kuwa ba mai tambaya.

Baffa Ɗanlami:
Yanzu kuma har da tukwici. Abba, lissafinka ya kai nawa? Hhh.

Abba Fagge:
Baffa bari kawai. Na koma wa kamfani na biyu, sun ce akwai Machame ta kwana bakwai, ita ma tana bi ta Lava Tower da Barranco da Karanga, kuma in na shiga ayarin wasu maimakon ni kaɗai, zai sauko zuwa 1,900. Yaya Nura, ya ka gani?

Nura KD:
Ta bakwai ɗin, ba ta shida ba, ka tabbatar an rubuta kwana a Karanga. Ta shida tsallake Karanga take yi, daga Barranco sai Barafu, sansanin ƙarshe kafin ƙololuwa, a yini ɗaya, ka iso a gajiye da yamma, tsakar dare a tashe ka. In ta bakwai ce, na yarda. Daga Barafu, wajen mita 4,670, za ku fito Stella Point a bakin ramin dutsen, daga nan zuwa allon Uhuru bai fi awa ɗaya ba. Fabrairu kuma lokaci ne mai kyau. Kada dai ka bari ta zame zuwa ƙarshen Maris, damina ke nan har Mayu. In ta kuɓuce maka, sai Yuni zuwa Oktoba.

Malam Idi:
A duba kalanda kuma, kada ta faɗa cikin azumi. Matafiyi yana da rangwame, amma ban ga dalilin da mutum zai zaɓi Ramadan don yawon dutse ba.

Dakta Hauwa:
Kuma ba a hawa wannan dutsen da azumi, ta fuskar lafiya ma. Lita uku zuwa huɗu na ruwa ake so a sha a yini. Ka nemi inshorar da ta rubuta ƙarara cewa ta ɗauki hawa har mita 6,000, yawancin na tafiye-tafiye ba su kai nan ba. In babu ita, abin da ke akwai shi ne gadon ƙarfe mai taya ɗaya da 'yan dako ke gangarowa da mutum a kai.

Issoufou Damagaram:
To batun biza fa? Ana samu a filin jirgi?

Nura KD:
A'a. Masu fasfo ɗin Najeriya ba a ba mu a filin jirgi, muna cikin ƙasashen da sai an nema tun daga gida an jira amincewa daga hukumar shige da ficen Tanzaniya. Nijar ma tana cikin jerin. A nema da wuri, wata biyu kafin tafiya, kada a sayi tikitin da ba a canzawa sai ta fito. A tafi da katin rigakafin shawara. Kuma kada a sa leda a kaya, sun hana ta tun 2019.

Ɗan Jos:
To Allah ya kai ku lafiya. Ni in na tashi zuwa, biyar zan yi, zan kuma turo muku hoto.

Maman Amira:
Allah ya sa mu gani. Ka dai yi gwajin jinin kai ma.

Abba, saura abu ɗaya da ba wanda ya faɗa. Kowa hawa yake tunani, amma ranar ƙololuwa bayan ka kai sai ka sauko kusan mita 2,800 a wannan yinin, har sansanin Mweka, da ƙafafun da ba su yi barci ba. Gwiwa ce take biya. Ka karɓi sanduna biyu haya a Moshi. Rigar sanyi da bargon da ake shiga ciki a zuge su ma duk ana haya, kada ka saya. Takalmi ne kawai kada ka karɓa haya: ka saya yanzu, ya ɗara ƙafarka kaɗan don safa biyu za ka sa, ka yi ta yawo da shi har ya saba da kai. Kuma ka yanke farcen ƙafa kafin ku fara, in ba haka ba a gangara za ka bar biyu a cikin safa.

Abba Fagge:
Na gode Anti, na gode kowa. Gobe in sha Allahu zan je gwajin jinin, in sakamako ya fito zan turo wa Dakta ta gefe. Yaya Nura, lamba 43 nake sawa, in ɗauki 44 ke nan?

Nura KD:
44, amma ka je da safar da za ka hau da ita ka gwada, kuma da yamma, lokacin ƙafa ta ɗan kumbura.